Haɗarin Fashewa a Wurin Sana'a: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Walda, Masu Gas, Kanikawa da Masu Injin Niƙa

Da yawa daga cikin mutanen da fashewa ke hallakawa a wurin neman abinci ba ma'aikatan matatar mai ba ne. Mai walda ne da yaronsa, mai ɗura gas a shago da maƙwabcinsa tela, bakanike a cikin rami, mai tuwo-tuwo da tukunyar gas a bayan labule. An amsa tambayoyin nan ne don irin waɗannan, wato mai shago ɗaya ko ƙaramin kamfani wanda ba shi da halin ɗaukar injiniya, amma akwai rayukan mutane a hannunsa kullum.

Me ya sa wani lokaci abu ya ci da wuta kawai, wani lokaci kuma ya fashe?

Ruwan fetur da kansa ba ya ci. Abin da ke ci shi ne tururin da ke tashi daga samansa, wannan da hanci ke ji. In aka kunna kwanon fetur a fili, tururin na tashi yana ci, wutar na samun iska kaɗan-kaɗan daga gefe, sai a sami gobara. Amma in tururin ya riga ya gauraya da iska kafin tartsatsi ya zo, duka gaurayen ne zai kama lokaci guda. Iskar ta yi zafi ta kumbura, in kuma a kulle take cikin ɗaki ko tanki, matsinta kan ninka sau bakwai ko takwas. Bangon bulo ba ya jure ko kusa da haka.

Gaurayen ba ya kamawa sai ya kai wani gwargwado. Gas ɗin girki yana kamawa in ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, har zuwa kashi 9 ko 10. Tururin fetur daga kashi 1.4 zuwa 7.6. Gas ɗin walda da ake samu daga kabaid kuwa daga kashi 2.5 har sama da kashi 80, shi ya sa ya fi su duka saurin ɓarna. Lambar farko ita ce abin lura. Kashi 2 cikin 100 ba wani yawa ba ne, ɗaki zai kai haka mutane na zaune suna hira a ciki.

Yoyon da tukunyata ke yi ɗan kaɗan ne, sai ka matso kake jin warin. Shi ma abin damuwa ne?

Shi ne ma babban abin damuwa, domin babban yoyo kowa na gudunsa, ƙarami kuwa ana sabawa da shi. Kilo ɗaya na gas ɗin girki in ya fita ya zama iska, yakan kai kusan rabin mita kubik. Wannan ya kusa isa ya mayar da iskar shago mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku tsayi, abin fashewa. Kilo ɗaya ke nan daga tukunya mai kilo 12.5.

A zahiri ma ba sai ya kai kilon ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, daga ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, tururin fetur kuma ninki uku zuwa huɗu. Ba sama suke yi ba, kwarara suke yi a ƙasa kamar ruwa, su bi ƙarƙashin ƙofa, su faɗa kwata, su kwanta a ramin gareji ko ƙarƙashin kanta. Mutum na tsaye hancinsa na sama yana jin wari kaɗan, alhali a daidai idon sawunsa gaurayen ya cika. Kuma hanci na gajiya: wanda ya wuni cikin warin gas yakan daina jinsa. A shafa ruwan sabulu mai kumfa a kan tukunya, mahaɗin tiyo da jikin tiyon. Inda kumfa ke hurowa, nan ne yoyon. Ba a gwada yoyo da ashana.

Fetur, kananzir da dizal duk mai ne. Don me ake tsananta wa fetur?

Kowane mai na da zafin da sai ya kai shi kafin ya fitar da tururin da zai kama. Fetur yana yin haka tun a digiri 40 ƙasa da sifili, ma'ana babu wani sanyi a ƙasar nan da zai hana shi. Kananzir sai ya kai wajen digiri 38, dizal kuma sama da 50. Sai dai kada wannan ya sa a saki jiki. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafin inuwa kan wuce digiri 40, duron ƙarfe da ke cikin rana kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Sannan fetur kaɗan in ya shiga kananzir ko dizal, ya mayar da su masu saurin kamawa irin nasa. Shi ya sa jarkar da aka zuba fetur ba a zuba mata kananzir, ko da an ga ta bushe.

Ina son in auna haɗarin wurina da kaina. Daga ina zan fara?

Ɗauki biro da littafi, ka zaga wurin a lokacin da ake tsakiyar aiki, ba bayan an tashi ba. Rubuta duk abin da ke iya kamawa da yawansa: fetur, gas, fenti, tina da ake tsarma fentin da shi, gam ɗin takalmi da na kujeru, kabaid, sinadarin wanke-wanke, gari, ƙurar katako. Kada ka manta da abin da aikin da kansa ke haifarwa, kamar iskar da batir ke fitarwa in ana cajinsa. Kayan da suka zo a gwangwani ko duro na kamfani galibi akwai hoton harshen wuta a cikin jan murabba'i a jikinsu, wannan alama ce da aka yi ittifaƙi a kanta a duniya.

Daga nan sai ka tsaya gaban kowanne ka tambayi kanka ta ina zai fita. Amsar ba ta tsaya ga ranar da komai ke tafiya daidai ba. Ka yi tunanin lokacin juye mai daga duro zuwa jarka, lokacin canza tukunya, lokacin wanke tanki, lokacin da yaron shago ya tafi sallah ya bar famfo a buɗe, da dare in an kulle ƙofa da taga. Mafi yawan yoyo a irin waɗannan lokuta yake faruwa. Sai kuma ka duba in ya fita ina zai gangara, da abin da zai tarar a can. Ka durƙusa ka kalli wurin daga ƙasa, za ka ga soket, firji, injin ba da ruwa da murhun mai shayi da ba ka taɓa lissafawa ba.

Abu na ƙarshe da za ka rubuta shi ne mutane: su wa ke ciki, su wa ke maƙwabtaka, ƙofa nawa ce, ta ina take buɗewa, akwai mai kwana a shagon ko babu. Wannan shafi ɗaya ko biyu shi ne abin da manyan kamfanoni ke biyan ƙwararru su rubuta. Nasu ya fi zurfin lissafi, amma tambayoyin iri ɗaya ne. In wurinka na ajiye tan-tan na gas ko tankunan mai, to nan kam dole ƙwararre ya shigo.

Na gano matsalolin. Wanne zan fara gyarawa?

Fara da abin da za ka iya rabuwa da shi gaba ɗaya. Kanikawa da yawa na wanke kayan inji da fetur a buɗaɗɗen kwano, alhali kananzir ko sabulun cire maiƙo zai yi aikin ba tare da cika garejin da tururi ba. Akwai fentin da ake tsarmawa da ruwa wanda zai maye gurbin na tina a ayyuka da dama. Abin da ba ya cikin shagonka ba zai fashe a shagonka ba.

Wanda ba makawa sai da shi, a rage yawansa. Na aikin yini ya zauna a wurin aiki cikin mazubi mai murfi, sauran ya tafi ma'ajiya ta daban, a inuwa, nesa da wuta. Sai iska: taga ta sama kaɗai ba ta fitar da gas mai nauyi, ana buƙatar kafofi a ƙasan bango, biyu masu fuskantar juna, waɗanda ba a toshe su ko da an kulle shago. Bayan nan ne ake maganar kawar da tartsatsi. A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne juya wannan tsari, mutum ya sayi tukunyar kashe gobara ya rataye, ya rubuta “Ba a shan taba” a bango, ya ɗauka ya gama. Tukunyar kashe gobara na da amfani, amma fashewa ba ta ba ka daƙiƙar da za ka kai hannu gare ta.

Mene ne wannan rabon shiyya ta 0, 1 da 2 da ake gani a takardun gidajen mai?

Hanya ce ta raba wuri gwargwadon yadda gaurayen fashewa ke yawan samuwa. Shiyya ta 0 ita ce inda yake kusan kullum, kamar cikin tankin fetur, tsakanin saman man da murfi. Ta 1 inda yakan samu a aikin yau da kullum, kamar bakin wurin ɗura gas. Ta 2 inda ba a sa ran samunsa sai in wani abu ya lalace, kuma na ɗan lokaci. Ƙura na da nata rabon: 20, 21 da 22. Tarayyar Turai ta sa wannan cikin doka a 1999, Birtaniya ta biyo da tata a 2002, masana'antar mai a ko'ina kuma da shi take aiki.

Amfaninsa shi ne ya gaya maka irin kayan lantarkin da za su shiga kowane wuri. Fitila, makunni, fanka da injin da aka ƙera don waɗannan shiyyoyi na ɗauke da tambarin Ex, an yi su yadda tartsatsinsu ba zai kai ga iskar waje ba. Suna da tsada. Ga ƙaramin shago dabara mafi sauƙi ita ce a fitar da lantarkin daga wurin kwata-kwata: makunni da soket su koma waje, ɗurin gas kuma a yi shi da rana a buɗaɗɗen wuri.

Ni mai walda ne. Tankin da aka kawo min babu mai a ciki, an ma wanke shi da ruwa. Me zai hana in taɓa shi?

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari a wurin mai walda. Cikakken tanki babu isasshiyar iska a cikinsa. Wanda aka juye kuwa iska ta shiga ta cika shi, sauran man da ya maƙale a lunguna, a cikin tsatsa da laka ta ƙasa, yana ta fitar da tururi. Duro mai lita 200 bai buƙatar fiye da cokali biyu na fetur kafin cikinsa ya zama abin fashewa. Kana ɗora wuta ƙarfen ya yi zafi, man da ya ɓuya ya ƙara tururi, murfin duron ya tashi da ƙarfin da zai raba mutum da kansa. Duron dizal, na baƙin mai, na fenti, har na man gyaɗa, duk suna iya yin haka in wutar walda ta dafa abin da ya rage a ciki.

Wankin ruwan sanyi ba ya cire mai, domin mai ba ya narkewa a ruwa. Barin tanki a rana kwana biyu ba tabbas ba ne. Sa bututun salansa a ciki don hayaƙi ya kori tururin, kamar yadda wasu ke yi, shi ma ba abin dogaro ba ne: hayaƙin inji na ɗauke da man da bai ƙone ba, na dizal na ɗauke da iska mai yawa, kuma yakan fito da tartsatsi. Kusanta wuta bakin tanki “don a gani ko ya sha iska” kuwa shi ne kunna fashewar da hannunka.

Abin da ke aiki shi ne a wanke da tururin ruwa mai zafi ko ruwan zafi da sabulun cire maiƙo har sai cikin ya yi fes, sannan a auna da na'urar gano gas kafin a fara da kuma lokacin da ake aikin. In babu na'ura, a cika tankin da ruwa har zuwa dab da inda za a yi waldar, a bar murfi a buɗe don abin da ya taru ya sami mafita. Tankar mai na da ɗakuna a ciki, kowanne sai an bi shi daban. In duro kake son mayarwa mazubin ruwa ko murhu, yanke shi da abin yanka na hannu wanda ba ya zafi bayan an wanke, kada a sa masa injin gurza. Aikin da ba za ka iya tabbatar da tsabtar cikinsa ba, ka mayar wa mai shi. Kuɗin waldar tankin babur bai kai ran yaron da ke riƙe maka shi ba.

Ba ma shan taba, ba ma kunna wuta. Ta ina tartsatsi zai fito?

Ƙarfin da ake buƙata don kunna tururin fetur ko gas bai kai tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota da hunturu ba. Makunnin fitila na yinsa duk lokacin da aka danna. Firji na yinsa da kansa in injinsa ya tashi, da tsakar dare, ba kowa a wurin. Dawowar wutar NEPA na tayar da duk abin da aka bari a kunne. Akwai injin gurza ƙarfe da ke watsa tartsatsi mita da yawa, akwai salansa mai zafi, akwai kan batir da aka ɗaura da waya.

Sai kuma lantarkin da gogayya ke tarawa, irin wanda ke sa riga ta yi ƙas-ƙas in ana cire ta a lokacin sanyi. Mai in yana gudu cikin tiyo ko yana zuba daga sama cikin jarkar roba, yana tara irin wannan, kuma bushewar iskar hunturu na ƙara shi. Shi ya sa ake sauke jarka ƙasa kafin a ɗura mata mai, ba a barin ta a bayan mota ko kan babur, bakin tiyon kuma ya taɓa jarkar. Shi ya sa kuma ake ɗaura wa tanka wayar da ke sauke lantarki ƙasa kafin ta fara juye mai.

Janareta ya cancanci a ambace shi shi kaɗai. A ranar 18 ga Janairun 2025, a mahaɗar Dikko da ke jihar Neja, tankar fetur ta faɗi, aka kawo wata don a juye man, rahotanni kuma suka nuna janaretan da aka kunna don aikin ne ya tayar da wutar. Sama da mutum 80 suka rasu, da yawansu masu kwasar mai. Wata uku kafin nan, a Majiya ta jihar Jigawa, sama da mutum 150 ne suka tafi a irin wannan. Duk inda fetur ya malala a ƙasa, tururinsa ya riga ya yi gaba da nisa fiye da inda ido ke ganin jiƙa.

Wayar salula fa?

Ba a ƙera ta don wurin da gas ke yawo ba, don haka a bi dokar da aka rubuta a gidan mai. Amma injin mota da aka bari a kunne, janareta da jarkar da ake ɗurawa a kan babur sun fi ta haɗari sosai, kuma su ne aka fi kawar wa kai.

Gari da sukari abinci ne. Da gaske suna fashewa?

Suna yi. Duk abin da ke ci da wuta, in aka niƙe shi ya yi laushi ya tashi a iska, zai iya kamawa lokaci guda: garin masara, alkama, sitaci, dusa, sukari, ƙurar katako, abincin kaji, garin gawayi. A ranar 7 ga Fabrairun 2008 matatar sukari ta Imperial Sugar da ke jihar Jojiya a Amurka ta fashe, mutum 14 suka mutu. Masu bincike sun gano cewa an rufe bel ɗin da ke ɗaukar sukari da murfin ƙarfe don tsabta, ƙura ta taru a ciki ba mafita, wani sashe na inji da ya yi zafi ya kunna ta. Wannan fashewar ta farko ba ita ta yi kisan ba. Girgizarta ce ta kaɗo ƙurar da ta shekara tana kwance a kan ƙarafan rufi da bututu da bene, ta tashi ta cika ginin, ta kama bi da bi.

Ma'aunin da masana ke amfani da shi shi ne ƙurar da kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, in ta rufe wani yanki na ɗaki, ta isa. In kana iya rubuta sunanka da yatsa a kan ƙarfen rufi, lokacin shara ya wuce. A share a hankali ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Hure ƙura da iskar kwamfresa, wanda kafintoci da masu injin casar shinkafa ke yi don sauri, tayar da gajimaren da ake tsoro ne da gangan. A kuma kula da boris ɗin da ke zafi, bel da ke gogar ƙarfe, da ƙusa ko dutse da ke shiga injin niƙa tare da hatsi.

Ina sayar da gas a shago cikin unguwa, ina juyewa daga babbar tukunya zuwa ƙanana. Kowa haka yake yi.

Gaskiya ne da yawa haka suke yi, kuma an ga sakamakonsa. A ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon gas ya fashe a Sabon Tasha da ke Kaduna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, wanda shagon aski da ke kusa ya je. Haɗarin shagon gas ba ya tsayawa a bakin ƙofarsa.

Duk juyi sai gas ya fita lokacin haɗa tiyo da cire shi. A shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai suya da mai cajin waya, wannan gas ɗin ba shi da wurin zuwa. Ga kuma cika tukunya fiye da kima: ana barin wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na cikinta ba komai, domin ruwan gas na kumbura da zafi. Tukunyar da aka cika maƙil da safe aka ajiye a rana, matsin cikinta na iya fin ƙarfinta. A ɗura da sikeli, a san nauyin tukunyar ba komai, wanda ke rubuce a jikinta. A duba shekarar da aka ƙera ta: hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15, tare da sake gwada ta duk shekara biyar. Mai tsatsa a gindi, mai lotsawa, ko wadda aka yi wa walda, ba a ɗura mata, ko mai ita zai yi fushi. Hanya mafi aminci ga shagon cikin unguwa ita ce musayar tukunya: a karɓi wadda ta ƙare, a ba da cikakkiya da aka ɗura a tashar da ke da lasisi.

Tukunyar kabaid da ta oksijin, me ya kamata in kiyaye?

Tukunyar kabaid da aka haɗa a gida ba ta da abin rage matsi, gas ɗinta kuma yana iya fashewa da kansa ba tare da iska ba in matsinsa ya haura. Kada a cika mata kabaid don a huta da sake zubawa, kada a toshe mata mafita, kada a zubar da ruwanta a kwata kusa da wuta domin yana ci gaba da fitar da gas. Kabaid ɗin da ba a yi amfani da shi ba a ajiye shi a busasshen mazubi mai murfi, musamman da damina. A sa abin hana wuta komawa baya a kan tiyo biyun, kuɗinsa kaɗan ne. Oksijin kuwa ba ya haɗuwa da maiƙo: giris ko baƙin mai a kan bakin tukunyarsa na iya kamawa ba tare da tartsatsi ba. Kuma ba a kaɗe ƙurar riga da shi.

Ɗakin batiran sola ma yana cikin lissafi?

Batiran da ake zuba wa ruwa na fitar da haidirojin, wata iska mai saurin kamawa, in ana cajinsu, musamman in caji ya wuce kima. Shi sama yake yi, saɓanin gas ɗin girki, don haka mafitarsa a saman bango ko rufi ake yi. Kada a kulle su a kabad, kada a duba ruwansu da ashana, a kashe caja kafin a cire waya.

Kamfaninmu ƙarami ne. Muna buƙatar takardar izini kafin a yi walda a ciki?

Kuna buƙata, ko da rabin shafi ce. Amfaninta shi ne ta tilasta wa mutum biyu su tsaya su duba wuri tare kafin a kunna wuta: an kwashe abin da ke kamawa, an rufe kwata, an kulle bututu, an auna iska, an sa wanda zai tsaya da abin kashe gobara, zai kuma ci gaba da tsaro aƙalla rabin awa bayan an gama, awa ɗaya ta fi. A 1988, a dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke tekun arewacin Birtaniya, ma'aikatan rana sun cire wani bawul na famfo don gyara, labarin bai kai ga na dare yadda ya kamata ba, suka tayar da famfon. Mutum 167 suka mutu. Abin da ya faru a can na iya faruwa a gidan burodi ko gidan ruwan leda: wani ya kwance tiyo ya tafi cin abinci, wani ya zo ya buɗe gas. Wanda ya kwance abu ya rataya masa alama, ya kuma faɗa da bakinsa ga wanda zai karɓe shi.

Na shigo da safe na tarar da warin gas ya cika wuri. Me zan yi?

Kada ka taɓa makunni, ko kunnawa ko kashewa. Kada ka kunna fanka don ta kore shi. In kan tukunyar na kusa kuma za ka kai gare shi nan take, rufe shi. Buɗe ƙofofi da tagogi, fitar da kowa, ka gaya wa maƙwabta su kashe murhu da janareta, kada a tayar da mota ko babur a kusa. Waya sai ka yi nisa, ka kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112. Ba a komawa ciki don ɗauko kuɗi ko kaya.

In wuta ta riga ta kama fa?

Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, man zai hau kan ruwan ya bazu da wutarsa. Hoda ko kumfa ake amfani da su, ko yashi in ƙarama ce. Wutar da ke ci a bakin tukunyar gas kuwa maganinta rufe gas ɗin. In ka kashe harshen wutar gas na ci gaba da fita, ka mayar da gobara abin fashewa. In ba za a iya rufewa ba, a janye. Tukunyar da wuta ke dukan jikinta tana iya tsagewa cikin mintuna kaɗan, ruwan gas ɗin ya zama ƙwallon wuta, ɓaraguzan ƙarfe su yi tafiyar mita ɗaruruwa. Aikin da ya fi kowanne a wannan lokacin shi ne korar 'yan kallo.

Ai komai ƙaddara ce. In kwana ya ƙare, ko me aka yi sai an tafi.

Babu mai musun ƙaddara. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, ya kuma yi umarni a kashe wuta in za a kwanta barci. Sannan ba ranka kaɗai ke wurin ba. Yaron da iyayensa suka kawo maka koyon sana'a amana ne, bai san abin da ke cikin duron ba, kai ka sani.

Me doka ta ce, kuma ni ma'aikaci me zan yi in maigidana bai damu ba?

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai wuri alhakin ɗaukar matakan hana fashewar ƙura, gas da tururi, ta kuma hana a sa wuta a jikin tankin da ya taɓa ɗaukar abu mai kamawa sai an kawar da abin da tururinsa. Jami'an duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke bin wannan. Gidajen mai da tashoshin gas suna ƙarƙashin hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, ita ke ba da lasisi, ita ke rufe wanda ya saɓa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, don wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki.

Kai ma'aikaci, fara da maigidan naka, a keɓe, cikin ladabi, da abu takamaimai: “Maigida, tiyon nan ya tsage, ga kumfar sabulu, ga kuɗin sabo.” Yawancin masu gida sun fi karɓar magana in ta zo da farashi da mafita. In bai ji ba, a kai wa shugabannin ƙungiyar sana'ar ko sarkin kasuwa, domin shagunansu ma na layin. In shagon gas ne ko wurin ajiye fetur a cikin gidaje, mai unguwa da ofishin 'yan kwana-kwana na jiha na da hurumin zuwa su duba, haka ofishin NMDPRA mafi kusa. Kafin a gyara kuwa, in aka ce ka ɗora wuta a kan tankin da ba ka ga yadda aka wanke shi ba, ka ce a bari sai an cika shi da ruwa a gabanka.